Tsofaffin kundayen hardcore da emo da ake ta yabo: me ya sa nake jin hayaniya kawai, kuma ta ina zan fara?

Wani ɗan'uwa ne ya yi tambaya. Ya ce da Nirvana da Green Day da My Chemical Romance ya buɗe kunne, sai ya riƙa ganin masana suna ambaton wasu tsofaffin kundayen waƙa na hardcore (nau'in kiɗan rock mai tsananin sauri da ihu) da emo (reshensa mai fitar da damuwar zuciya) da rock na bayan fage, suna cewa duniya ba ta yi musu adalci ba. Ya nemo biyu ko uku a YouTube, ya kunna a waya, bai ji komai ba sai ihu da kwaramniya. Yana so ya san ko kunnensa ne bai kai ba, ko kuwa yabon ne ya yi yawa.

Ɗan'uwa, a mafi yawan lokuta kunnenka lafiyarsa ƙalau. Abin da ya faru shi ne ka ji kwafi mara kyau, a na'urar da ba za ta iya fitar da kiɗan ba, kuma ba ka san dalilin da ya sa kundin ya ɓace tun farko ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi muhimmanci, domin dalilin ɓacewar kundi shi ke gaya maka irin sauraron da ya kamace shi.

Ɗauki ƙungiyar Death ta birnin Detroit. 'Yan'uwa uku ne baƙar fata, David da Bobby da Dannis Hackney. A 1975 suka shiga situdiyo suka ɗauki waƙoƙi bakwai masu sauri da zafi, tun kafin kundin farko na Ramones ya fito a 1976. Sunan ƙungiyar ya tsorata kamfanoni, David kuma ya ƙi yarda a canza shi. Abin da suka iya fitarwa da kuɗinsu shi ne ƙaramin faifai mai waƙa biyu, kwafi 500 kacal. Tef ɗin asali ya zauna a ajiye sama da shekara 30, sai a 2009 kamfanin Drag City ya fitar da shi da sunan "...For the Whole World to See", lokacin David ya riga ya rasu tun 2000. Kundi irin wannan ba shi da wahalar saurare ko kaɗan, an ɗauke shi a situdiyo mai kyau, kiɗan a fili yake. Rashin hanyar kasuwa ne kawai ya binne shi.

Akwai kuma waɗanda ƙungiyar ce ta watse kafin faifan ya kai hannun jama'a, babu mai yawon wasa da zai tallata shi. One Last Wish ta Washinton, babban birnin Amurka, ta ɗauki kundinta a 1986, bai fito ba sai 1999. Slint ta Louisville ta rabu kafin "Spiderland" ya fito a 1991. Moss Icon ta Annapolis ta ɗauki "Lyburnum Wits End Liberation Fly" a 1988, ya yi shekaru kafin a buga shi. Sai kashi na uku, wanda ya fi ban tausayi: waɗanda masoyansu ne da kansu suka juya musu baya. Jawbreaker ta bar ƙananan kamfanoni ta koma ƙarƙashin Geffen, ta fitar da "Dear You" a 1995 da sauti mai santsi da murya a wanke. Tsofaffin masoya suka ce an sayar da kai, sababbi kuma ba su zo ba, ƙungiyar ta watse a 1996, kundin ya ɓace daga kasuwa har sai da mai gangarsu Adam Pfahler ya sake fitar da shi a 2004. Wanda ya haɗa sautinsa, Rob Cavallo, shi ne ya yi wa Green Day "Dookie". Ga wanda ya taso da Green Day, babu ƙofar shiga da ta fi wannan sauƙi.

Kashi na huɗu shi ne wanda ya ba ka wahala: kundin da yara 'yan shekara 17 ko 18 suka ɗauka cikin kwana ɗaya ko biyu da kuɗi kaɗan, a ƙaramin situdiyo. A nan ne ingancin kwafi yake zama komai.

Kiɗan hardcore cike yake da sauti mai kauri a sama: jita mai kaushi da farantan ƙarfen ganga da ake duka babu tsayawa. Irin wannan sauti shi ne MP3 mai ƙaramin nauyi ya fi lalatawa. Fayil mai 128 kbps (kbps shi ne ma'aunin nauyin sautin fayil) yakan yanke duk abin da ya haura kusan 16 kHz, abin da ya rage kuma sai ya dame, farantan su koma kamar ana watsa ruwa a kan kwanon rufi. Yawancin abin da ke YouTube na tsofaffin ƙananan faifai wani ne ya kwafa daga tsohon faifai da allurar da ta ci, ya matse shi ya zama MP3, YouTube ta sake matsewa, kai kuma ka tura shi ta Bluetooth wadda ita ma tana matsewa. Matsa uku kenan a kan abin da dama can da ƙyar aka ɗauka. Nemi 320 kbps ko FLAC, wato nau'in fayil da ba ya zubar da komai na sautin. Lissafin data ba shi da ban tsoro: 320 kbps yana cin kusan MB 2.4 a minti ɗaya, wato kundi mai minti 25 zai ci wajen MB 60. FLAC na wannan kundin zai kai MB 150 zuwa 180. Idan wani ya ba ka fayil ya ce FLAC ne kana shakka, akwai ƙaramar manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna Spek wadda ke zana hoton sautin. In ka ga an datse saman hoton a miƙe a layin 16 kHz kamar an sa reza, tsohon MP3 ne aka canza wa riga.

Sai matsalar sauri, wadda mutane da yawa ba su san da ita ba. Ƙaramin faifai mai inci 7 a al'ada yana juyi 45 a minti, amma ƙungiyoyin hardcore da yawa sun buga nasu a kan 33 don su cusa waƙa takwas ko goma a ciki, kuma ba kullum suke rubutawa a jiki ba. Wanda ya kunna na 33 a kan 45 ya ƙara saurin da kashi 35 cikin 100, murya ta haura sama sosai. Da yake kiɗan dama mai sauri ne, sai mai kwafar ya ɗauka haka yake, ya ɗora a intanet a haka. Hanyar ganewa ita ce ka duba tsawon waƙar a Discogs, shafin intanet mai tattara bayanan faya-fayai, ka gwada da wanda ke hannunka. In an rubuta minti 1 da daƙiƙa 20, naka kuma bai cika minti 1 ba, an kwafa a gurguje. Kaset ma haka: injin da ya ɗara sauri da kashi 6 cikin 100 yana ɗaga sauti da rabin mataki cur, kuma wanda ya taɓa jin kaset a rediyon da batir ɗinsa ya yi sanyi ya san kishiyar haka.

Har manyan kamfanoni sun yi wannan aika-aika. "Rock for Light" na Bad Brains ya fito a 1983. Da aka sake fitar da shi a CD a 1991, an sake haɗa sautin, an sauya jerin waƙoƙin, an kuma ƙara saurin tef ɗin, muryar mawaƙinsu H.R. ta koma siririya. Shekara kusan 30 wannan ne kwafin da yawancin mutane suka sani, har sai 2021 da aka dawo da haɗin asali. Saboda haka in kundi yana da bugu fiye da ɗaya, duba shekarar bugun da kake ji kafin ka yanke masa hukunci. Ba kowane sabon bugu ne ya fi tsoho ba, wasu ƙara kawai ake cusa musu har kiɗan ya rasa numfashi. Amma abin da Dischord, ƙaramin kamfanin faifai na Washinton, ta sake fitarwa na kundayenta, da abin da kamfanin Numero Group ke tonowa, an yi su daga tef na asali da kulawa, kuma dukkansu suna Bandcamp, shafin sayar da waƙoƙi, inda za ka saurara kafin ka saya.

Yanzu na'ura. Lasifikar waya ba ta iya fitar da ƙasan sauti. Igiya mafi kauri a jitar bes tana kusan 41 Hz, ta jita kuma 82 Hz, lasifikar waya kuwa sai an haura ɗaruruwa take fara magana da ƙarfi. A hardcore da emo sau da yawa bes ce ke riƙe da karin waƙar yayin da jita ke ta gurza. Ka cire bes, ka cire waƙar, abin da ya rage shi ne hayaniyar da ka ji. Iyafis mai waya na matsakaicin kuɗi ya wadatar, amma ka sa duka biyun. Al'adar sa ɗaya a kunne a bar ɗaya yana lilo tana kashe wannan kiɗa, domin ƙungiyoyi masu jita biyu kamar Hoover da Drive Like Jehu sukan raba su ne, ɗaya a hagu ɗaya a dama, kuma zancen da jitocin biyu ke yi da juna shi ne rabin daɗin. Shiga saitin wayar ka tabbata ba a kunna haɗe sauti wuri ɗaya ba, ka kashe duk wani ƙarin bes da na kewaye da wayar ta zo da shi. In jita tana soka maka kunne, rage wajen 3 kHz da 2 dB ko 3 dB, kada ka wuce haka, don a nan ne murya take.

Ka kuma ji tsoron ƙara. Tsofaffin faifan nan sautinsu ƙasa-ƙasa aka haɗa shi idan an gwada da waƙoƙin yau, sai mutum ya ƙure maɓalli, waƙa ta gaba ta zamani ta shigo ta dake shi. Ƙa'idar da masu kula da lafiyar ma'aikata ke bi ita ce 85 dB na awa 8, kuma duk ƙarin 3 dB yana raba lokacin biyu: 94 dB awa ɗaya, 100 dB minti 15. In ka cire iyafis ka ji kunne yana ƙugi, ka wuce gona da iri, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

To, an samu kwafi mai kyau da iyafis biyu. Yaya ake saurare? Kundayen nan gajeru ne, "Group Sex" na Circle Jerks waƙa 14 ne cikin minti 15, saboda haka sau uku ba wani nauyi ba ne. Karo na farko ka bar shi ya wuce daga farko zuwa ƙarshe, kada ka tsallake waƙa, kada ka taɓa waya. Karo na biyu, washegari in so samu ne, ka manta da mawaƙin gaba ɗaya ka bi mai ganga da mai bes. Nemo ƙaramar gangar da ake duka da ƙarfi, ka riƙa kaɗa yatsa tare da ita. Da zarar jikinka ya kama inda take sauka, za ka ji saurin ya daina tsere maka, kuma za ka fara jin wuraren da ake karya kiɗan a rage gudu. Karo na uku ka buɗe baitocin a gabanka kana bi. Ihun da ba ka san me yake cewa ba hargowa ce, amma da ka ga kalmomin sai ka ji inda muryar ta karye da dalilin karyewarta.

Bari mu gwada wannan a kan faifan da ya fi kowane tsorata sabon shiga, wato haɗakar Faith da Void da Dischord ta fitar a 1982, lamba ta 8 a jerin kamfanin. Gefe ɗaya Faith, ɗaya gefen Void. Fara da Faith. Alec MacKaye, ƙanin Ian MacKaye na Minor Threat, shi ke waƙa, kiɗan a tsare yake, kowa yana sauka tare. Wannan zai saita maka kunne. Sannan ka juya ga Void, yaran Columbia ta jihar Maryland. A ji na farko kamar kowa harkar gabansa yake yi. Amma ka bi mai gangar, Sean Finnegan, za ka ga shi yana kan hanya. Mai jitar ne, Bubba Dupree, yake shiga gabansa, ya koma bayansa, ya saki igiya ta yi kuka irin kukan da lasifikar taro ke yi in an kusanto da makirfo, sannan a daidai inda kake tsammanin waƙar ta rushe sai su huɗun su faɗo wuri ɗaya. Wannan tangal-tangal a bakin rami shi ne abin da ake yabo, kuma ba ya jiwuwa sai ka san inda ramin yake, wato sai ka riƙe gangar. Void ba ta taɓa fitar da cikakken kundi a zamaninta ba. Wanda suka ɗauka daga baya bai fito a hukumance ba, sai a 2011 Dischord ta tattara tsofaffin ɗaukarsu na 1981 zuwa 1983.

Emo na asali daga Washinton ya fito, kuma ya yi nisa da abin da sunan ya koma nufi bayan 2000. A 1985 wasu daga cikin matasan Washinton sun gaji da doke-doke da nuna ƙarfi a wuraren wasa, suka fara rera abin da ke cin ransu. Rites of Spring ita ce kan gaba. Kundi ɗaya suka yi a wannan shekarar, a situdiyon Inner Ear na Don Zientara, kuma wasan da suka yi a bainar jama'a bai kai 20 ba. Su kansu ba su so sunan emo ba. A wannan kundi abin bi shi ne muryar Guy Picciotto: yakan fara baiti da kari sosai, kafin ya kai ƙarshe numfashi ya ƙare masa, muryar ta tsage, kuma ba a koma an gyara ba. Saurari "For Want Of" da baitoci a hannu, sannan waƙar ƙarshe, "End on End", wadda ta kai minti bakwai tana warwarewa a hankali har kiɗan ya zube. Picciotto da mai ganga Brendan Canty su ne daga baya suka shiga ƙungiyar Fugazi.

Wasu kundayen kuma shiru ne makaminsu, su ne kuma hayaniyar titi ta fi cuta. Indian Summer ta Oakland a Kalifoniya ba ta wuce shekara guda da 'yan watanni ba, tsakanin 1993 da 1994, ko suna ba su sa wa waƙoƙinsu ba, masoya ne suka raɗa musu. A fitacciyar waƙarsu za ka ji tsohon faifan Bessie Smith yana ƙara a can ƙasa, jita ɗaya tana taɓa igiya a hankali, mawaƙin yana raɗa, na tsawon mintoci, kafin komai ya fashe. In kana cikin Keke Napep ba za ka ji rabin farko ba sam, fashewar kuma za ta zo maka ba dalili. Numero ta tattara duka aikinsu a 2019 da sunan "Giving Birth to Thunder". Haka "Rusty" na Rodan, 1994: ya buɗe da kiɗa mai sanyi na kusan minti bakwai babu murya babu ganga, waƙa ta biyu kuma ta shigo da duka. Kada ka ƙara sauti a waƙar farko. Saita shi daidai da ta biyun, ka bar ta farkon ta zauna a ƙasa yadda aka nufa. Irin waɗannan sai dare, in gari ya yi tsit.

Akwai ƙungiya ɗaya da nake ganin kunnen Bahaushe zai riga na Ba'amurke kama ta, ita ce Lungfish ta Baltimore. Ƙorafin da aka daɗe ana yi a kansu shi ne waƙarsu ba ta zuwa ko'ina: zubin jita ɗaya ake maimaitawa daga farko har ƙarshe, babu amshi na daban, babu hawa babu sauka, Daniel Higgs yana ta zuba baitoci a kai. Wanda ya saba da yadda kalangu ke riƙe kari ɗaya na minti goma mawaƙi yana yawo a kansa ya riga ya san inda ake sa kunne a irin wannan gini: a kan kalmomi, da ƙananan sauye-sauyen nauyin hannu. Gwada "Rainbows from Atoms" na 1993 ko "The Unanimous Hour" na 1999.

Batun nemowa kuwa, kada ka dogara da jerin "kundaye 50 da aka manta" da ke yawo, kusan duk juna suke kwafa. Bi zare daga abin da ka riga ka so. Kana son Nirvana: sun sake rera "D-7" da "Return of the Rat", waƙoƙin Wipers ta Portland. Je ka ji "Youth of America" na 1981, inda Greg Sage ya yi waƙa mai sama da minti goma a lokacin da kowa ke gasar gajarta. Kana son My Chemical Romance: Geoff Rickly na Thursday ne ya haɗa musu kundin farko a 2002, Thursday kuma daga New Brunswick ta jihar New Jersey ta taso, garin da Lifetime ta yi suna, saboda haka "Hello Bastards" na 1995 yana jiranka. Mark Trombino da ya haɗa wa Blink-182 da Jimmy Eat World sauti shi ne mai gangar Drive Like Jehu, kuma "Yank Crime" na 1994 ya fi duk abin da ya haɗa wa wasu tsauri. A Discogs kowane suna a bayan faifai abin latsawa ne: mai ganga, mai ɗaukar sauti, kamfani. Latsa kamfanin ka jera fitarwarsa bisa lamba, ka ji biyar kafin wanda kake so da biyar bayansa. Ƙananan kamfanoni irin su Dischord, Touch and Go, Gravity, Ebullition da Jade Tree a wancan zamani mutum ɗaya ko biyu ne suke zaɓar abin da za su buga, saboda haka in ɗanɗanonku ya zo ɗaya sau ɗaya, zai sake zuwa. Jerin godiya da ke cikin takardar faifai ma taswira ce, domin ƙungiyoyin da suka yi yawo tare suke lissafawa. Mujallar Maximum Rocknroll, wadda aka buga a takarda daga 1982 zuwa 2019, tana da sharhin ƙananan faifai da rahotannin garuruwa daga ƙasashe da yawa, kuma tsofaffin fitowarta da dama suna Internet Archive.

Kada kuma ka tsaya a Amurka. Birazil tana da Ratos de Porão da "Crucificados pelo Sistema" na 1984. Japan tana da Gauze, da Envy ga mai son emo mai faɗi. A Shikago kanta Los Crudos da Sifaniyanci suke waƙa. A Afirka ta Kudu National Wake, baƙaƙe da farare a ƙungiya ɗaya a tsakiyar mulkin wariya, sun fitar da kundi ɗaya a 1981, aka danne shi, sai 2013 Light in the Attic ta dawo da waƙoƙinsu. Zambiya tana da "Africa" na Amanaz, 1975. Mu ma nan gida akwai rock ɗin da ya tashi bayan yaƙin basasa: Ofege, ɗaliban kwalejin St. Gregory's ta Legas, sun fitar da "Try and Love" a 1973 suna 'yan makaranta, kuma tarin "Wake Up You!" da Now-Again ta fitar a 2016 ya tattaro ƙungiyoyin 1972 zuwa 1977 da yawancin 'yan ƙasar ba su taɓa jin sunansu ba.

Gaskiya ɗaya da masu tara faifai ba su cika faɗa ba: wasu kundayen an manta da su ne don ba su da kyau. Ƙarancin kwafi yana ɗaga farashi, farashi yana jawo yabo, amma bai ƙara wa waƙa komai ba. In ka yi saurare uku a kwafi mai kyau, bayan kwana biyu babu zubin jita ɗaya ko baiti ɗaya da ya dawo maka a kai, ajiye shi ka wuce, ko wa ya yabe shi. In kuwa wuri ɗaya ya maƙale, ko na daƙiƙa goma ne, koma masa bayan wata guda. Ga mai tambayar, jerin da zan ba shi shi ne "Dear You", sai Wipers, sai Death, sai Rites of Spring, sai gefen Faith, Void kuma a ƙarshe.

Wanda sha'awa ta kai shi ga sayen faifan garmaho da injinsa, akwai abubuwan da yanayinmu ke jawowa. Injin da aka yi wa kasuwar Amurka yana aiki da wuta 120 V mai 60 Hz, tamu kuwa 230 V ce mai 50 Hz. Taransifoma za ta gyara ƙarfin wutar amma ba ta taɓa 50 Hz ɗin, kuma injin da motarsa ke bin bugun wuta zai juya 28 maimakon 33, komai ya yi nauyi ya ja ƙafa. Nemi wanda aka yi wa Ingila ko Turai, ko mai motar DC da ke daidaita saurinta da kanta. Wannan na biyun shi ne kuma maganin ƙaramin janareta, wanda bugunsa ke hawa da sauka duk lokacin da firji ya tashi. Guji ƙananan injina masu kamar akwati, allurarsu tana danna faifai da nauyin da ya ninka na kirki. Allura irin AT-VM95E gram 2 take so, kuma bayan awa 300 ko makamancin haka a canza ta. Faifai a tsaye ake jera shi, ba a kwance a kan juna ba, nesa da taga da bangon da rana ke duka, kuma kada a bar shi cikin mota a rana ko na awa ɗaya, zai lanƙwashe. Lokacin hunturu busasshiyar iska tana sa faifai ya riƙa jan ƙura kamar maganaɗisu, sai a share shi da burushin faifai kafin kowane kunnawa, in za a wanke kuma da tataccen ruwa na kemis, don ruwan rijiya ko na burtsatse yana barin gishiri a cikin layukan. Wajen saye daga nesa, kada ka karɓi abin da darajarsa ta gaza VG+ (matakin da masu sayarwa ke ba tsohon faifan da bai ji jiki sosai ba, VG kuma yana ƙasa da shi) ga kundi mai shiru irin "Spiderland", don ƙas-ƙas ɗin zai rufe raɗar. Ga hardcore mai ƙara VG ma ya isa. Ka kuma roƙi mai sayarwa ya karanto maka lambobin da aka karce a fili mara layi kusa da tsakiyar faifan, ka gwada da na Discogs, domin faifan Void da na ƙungiyoyin Japan na jabu sun yi yawa a kasuwa, kuma bangonsu kaɗai ba ya nuna bambanci.